Wanda ya ƙoshi ne ke wasa da rushewa

Ran 17 ga Maris, 1960, a farfajiyar gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York, Jean Tinguely ɗan Suwizalan ya tayar da wani inji da ya harhaɗa da ƙafafun keke, tsofaffin injina, bahon wanka da fiyano. Aikin injin ɗaya ne, ya ragargaza kansa. Minti 27 ya yi yana ƙara da hayaƙi kafin 'yan kwana-kwana su kashe wutar. Tun daga nan masu fasaha ke bin sawunsa. A 2001 Michael Landy ya niƙe duk abin da ya mallaka, kaya 7,227, a Landan.

Mu a Auyo muna jin wannan labari, sai mu yi murmushin takaici. Rushewa ba baƙuwarmu ba ce. A daminar 2022 da Kogin Haɗeja ya tumbatsa, katangun ƙasa sun narke muna kallo, shinkafa ta nutse a fadama, ba wanda ya tafa. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan kuwa ya nemi hanya ta cikin ɗakunanmu.

Ba mu ce Tinguely ba shi da hankali ba. Shagube ya yi wa zamanin da ke ƙera kaya don a zubar, kuma ya so aikin da attajiri ba zai iya saya ya rataye ba. To, ina aka kwana? Guntun injin yana ajiye a MoMA ana lallaɓa shi. A 2018 zanen Banksy ya yayyanka kansa a gwanjon Sotheby's bayan an saye shi fam miliyan ɗaya da 'yan kai. A 2021 aka sake sayar da yankakken sama da fam miliyan 18. Ashe kasuwar da aka yi niyyar zagi ita ta ci riba.

Don haka matasanmu masu zane da ƙira, kada wayar hannu ta ruɗe ku ku ɗauka sai kun ƙona aikinku za a ce kun waye. In motsi kuke so, yaranmu na ƙera motar kara mai tafiya, ta karye da yamma, gobe su sake wata. Maginanmu kuma, da ruwa ya janye, sai su kwaɓa ƙasar katangar da ta faɗi su tayar da ita a inda take.