Aiden Pearce: Kawun Da Ramuwa Ta Raba Da Danginsa

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, ɗan ƙanwata ya zo mana da na'urarsa ta PlayStation, ya kafa ta a falo, ya hana kowa kallon labarai. Ni dai ban taɓa ɗaukar wasan bidiyo a bakin komai ba, ina ganinsa abin cinye lokacin yara da kuɗin wuta. Wata rana da yamma ina zaune kusa da shi ina jiran kiran magariba, sai na ga wani mutum a allon, sanye da hular hana-sallah da doguwar kwat, ya rufe rabin fuskarsa da ƙyalle, yana tafe da waya a hannu. Ya latsa wayar, fitilun danja suka rikice, motoci suka yi ta gwabza karo. Na ce da yaron, "Wannan kuma wane irin ɗan ta'adda ne?" Ya ce, "Haba Kawu, ai shi ne jarumin. 'Yar ƙanwarsa aka kashe, ramuwa yake yi." Yadda ya furta kalmar ramuwa, kamar wadda ta kashe bakin kowace muhawara, shi ya zaunar da ni na bi labarin har ƙarshe a kwanakin da suka biyo baya.

Sunan wasan Watch Dogs, wato karnukan gadi. Kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ne ya shirya shi a reshensa na Montreal da ke Kanada, ya fito ranar 27 ga Mayu, 2014, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 4 a makonsa na farko. An gina labarin a birnin Shikago na Amurka, inda aka ƙaddara cewa wani tsarin kwamfuta guda ɗaya mai suna ctOS ne ke tafiyar da danjoji, gadoji, kyamarorin tsaro, wutar lantarki da bayanan kowane mazaunin birnin. Duk wanda ya iya kutsawa cikin tsarin, to birnin ya dawo tafin hannunsa. Irin wannan gwanin kutse shi ne Aiden Pearce, haifaffen Belfast a Ireland ta Arewa, wanda mahaifiyarsa ta ƙauro da shi da ƙanwarsa Nicole zuwa Amurka suna yara. Kafafen labaran birnin suna kiransa da laƙabin da mu a Hausa za mu ce ɗan sa-kai.

Abin da yarona bai faɗa mini ba, sai da na gani da idona, shi ne mafarin musibar. A shekarar 2012, Aiden da ubangidansa a harkar kutse, Damien Brenks, sun shiga otal ɗin Merlaut ta intanet suna wawure kuɗi daga asusun baƙi. Otal ɗin kuwa mallakar Dermot Quinn ne, dattijon da jama'a suka sani da taimakon marasa galihu, alhali shi ne uban 'yan dabar birnin. Quinn ya zaci ɓarayin sun zo neman wani faifan bidiyo da yake ɓoye, wanda ke nuna magajin garin yana kashe wata mata, faifan da yake juya magajin garin da shi yadda ya so. Sai ya sa a bi su. Wani ɗan haya mai suna Maurice Vega ya harbi tayar motar Aiden, motar ta wuntsila, Lena, 'yar Nicole mai shekara 6, ta rasa ranta. Wata 11 bayan haka wasan ya soma, Aiden yana farautar duk wanda ke da hannu.

Mai karatu zai ga inda gizo ke saƙar. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, amma a nan ruwan ya tsallake tsuntsun ya doki yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Aiden ya san haka sarai. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai murya ƙasa-ƙasa, wanda ba a ganin haƙoransa, kuma a zancen zucinsa yakan amsa cewa shi ya janyo. Sai dai amsa laifi a zuci daban yake da ɗaukar nauyinsa. Da ya ɗauki nauyin, da ya ajiye wayar, ya zauna kusa da uwar da ya jefa cikin makoki. Maimakon haka ya zaɓi hanyar da za ta shagaltar da shi dare da rana, domin muddin akwai wani mai laifi a gaba da za a bi, ba sai ya tsaya ya fuskanci wanda ke cikin rigarsa ba. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. A fahimtata, wannan ne ainihin man da ke tuƙa ramuwar Aiden Pearce: gudun kansa yake yi, ya sa wa gudun sunan neman haƙƙin Lena.

Hanya mafi sauƙi ta auna mutum ita ce a dubi waɗanda yake tare da su da yadda yake riƙe su. Na kusa da Aiden a aiki shi ne Jordi Chin, ɗan kwangilar kisa mai son ado da barkwanci, wanda kan yi raha a kan gawa kamar mai hira a majalisa. Shi ke kawo makamai da motoci, shi ne kuma ya tsare Maurice a ɓoye tsawon labarin. Jordi bai taɓa ɓoye cewa kuɗi ne ubangidansa ba, don haka da aka biya shi farashin da ya fi, sai ga shi a ƙarshe ya ɗora wa Aiden bindiga. Ban ga abin mamaki a nan ba. Wanda ya yi hayar amini, ranar da wani ya ƙara kuɗi zai rasa shi.

Damien kuwa, wanda ya koya masa sana'ar, ya fito daga waccan ta'asa da nakasasshiyar ƙafa da zuciya cike da ƙullaci. Da Aiden ya ƙi sake aiki da shi, sai ya sace Nicole ya yi garkuwa da ita. Sai Raymond Kenney, wanda ake kira T-Bone, tsohon injiniyan kamfanin da ya ƙera ctOS, da ya ɓuya a ƙauye yana shaye-shaye saboda a labarin shi ya haddasa ɗaukewar wutar da ta halaka mutum 11. Shi ma Aiden bai neme shi don zumunci ba, sai don yana buƙatar wanda zai warware masa wasu bayanai da aka kulle, kuma zuwan nasa ne ya tona maɓoyar T-Bone har ya rasa gidansa.

Wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Clara Lille, 'yar ƙungiyar masu kutse ta DedSec. Ta taimaki Aiden da zuciya ɗaya, daga baya asiri ya tonu cewa ita aka biya tun farko ta gano ɓarayin Merlaut, ba tare da ta san abin da za a yi musu ba. Tun daga lokacin take kai furanni kabarin Lena a ɓoye. Laifinta da na Aiden 'yan gida ɗaya ne: kowannensu ya yi aikin kuɗi, aikin ya ƙare da mutuwar yarinya. Ita ta zaɓi ta biya ta hanyar hidima ga waɗanda ta cuta. Shi da ya ji gaskiya, sai ya kore ta, bai ba ta uzurin da yake ba kansa kullum ba. Mutanen Quinn suka harbe ta a maƙabarta, kusa da kabarin yarinyar, Aiden ya iso a makare.

Akwai kuma wanda ba za a kira aboki ba, amma ya nuna halin jarumin fiye da kowa. Wani matashi ne da ake kira Bedbug, ɗan'uwan shugaban wata daba, mai rauni da tsoro. Aiden ya tattara sirrinsa, ya yi masa barazanar tona shi, ya tilasta masa leƙen asiri a cikin gidan da kuskure ɗaya ke nufin mutuwa. Wannan fa shi ne makamin da Quinn ke riƙe magajin gari da shi. Haka kuma wasan ya ba Aiden damar duba wayarsa ya ga sunan duk mai wucewa, da sana'arsa, da albashinsa, da wani sirri na rayuwarsa, har ya zare kuɗi daga asusunsa. Na ga yarona ya kwashe kuɗin wani bawan Allah da allon ya nuna yana fama da rashin lafiya, ko gezau bai yi ba, domin jarumi na buƙatar harsashi.

To ina dangin da ake yin duk wannan dominsu? Nicole ta roƙi yayanta ya bari, ta nuna masa cewa abin da ya rage mata shi ne ɗanta Jackson, yaron da ya daina sakin baki da mutane tun rasuwar ƙanwarsa. A ranar bikin zagayowar haihuwar yaron, Aiden ya yi kutse a wayar ƙanwar tasa yana sauraron kiran da aka yi mata, sannan ya bar gidan ya bi sawun mai kiran. Daga baya Jackson ya ga gawarwakin da kawunsa ya zubar ta kyamarorin tsaro. Nicole, wadda ba ta taɓa cutar da kowa ba, sai da ta harbe mutum a ƙoƙarin kuɓuta. A ƙarshe uwa da ɗa suka bar gidansu da garinsu da kabarin Lena, suka yi hijira don tsira da rai. A al'adarmu kawu inuwa ne, wurinsa ɗa ke gudu idan gida ya yi zafi. Wannan kawun shi ne zafin da aka gudar wa.

Adalci ne a faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren. Shikagon da ke cikin wasan birni ne da hukuma ta ruɓe: magajin gari na aljihun ɗan daba, kamfani na sayar da sirrin jama'a, ana gwanjon mata kamar dabbobi. Aiden ya tarwatsa wannan gwanjo, ya tona asirin manya, ya kashe Quinn ta hanyar kutse a na'urar da ke daidaita bugun zuciyarsa. Wanda aka kashe wa ɗa, ya je wurin hukuma ya tarar da ita a teburin makashin, ba za a yi masa wa'azin haƙuri daga nesa ba tare da jin kunya ba. Ɗan sa-kai ba ya tsirowa sai a gonar da hukuma ta bari ta yi ciyawa. Amma uzurin da ya haife shi ba ya wanke abin da yake zama bayan ya girma, domin mutum ɗaya ya haɗa aikin mai ƙara, mai bincike, alƙali da hauni, babu kuma wanda zai ce masa ya yi kuskure.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan. Mun ga yadda 'yan sa-kai suka taso a Zamfara da maƙwabtanta saboda ɓarayin shanu sun addabi ƙauyuka, jami'an tsaro kuma sun yi nisa, mun kuma ga yadda kisan da aka yi bisa zato ya haifi ramuwa, ramuwar ta haifi wata, har wutar ta fi ƙarfin waɗanda suka kunna ta. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida, aka ga bindigoginsu na farauta, aka yanke hukunci nan take, aka kashe mutum 16. Waɗanda suka yi hakan su ma suna ganin kansu masu kare garinsu ne. Shi ya sa shari'ar Musulunci, duk da ta ba dangin mamaci haƙƙin ƙisasi, ta sa tabbatar da laifi da zartar da hukunci a hannun alƙali, ta kuma buɗe ƙofar diyya da yafiya.

Masu sharhi da dama sun soki Aiden da cewa mutum ne mai bushewar hali da wuyar so, kuma a kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a 2016, kamfanin ya koma birnin San Francisco da sabon jarumi, Marcus Holloway, mai fara'a da abokai na gaske. Ni kuwa ina ganin bushewar nan ita ce gaskiyar da labarin ya faɗa, ko da gangan ko bisa kuskure. Wanda ya mayar da kowa tsani zuwa ga abokin gabarsa ba zai zama mai daɗin zama ba. Sai a wani ƙarin labari da aka fitar a 2021 aka nuno shi ya manyanta, ya je Landan, yana neman shiri da Jackson wanda ya girma yana ƙullace da shi.

Wasan ya rufe da zaɓi guda. Bayan Quinn da Damien sun mutu, Aiden ya tsaya a kan Maurice, wanda ya harbi tayar, mutumin da shi ma tilasta masa aka yi da barazana ga matarsa, ya kuma zama kamar zautacce saboda nadama. Mai wasa ne zai yanke: ya harbe shi ko ya juya ya tafi. Yarona ya ɗaga bindiga ba tare da jinkiri ba. Na dafa hannunsa na ce, "Tsaya tukuna. Wa ya fara shiga otal ɗin nan sata?" Ya yi shiru. Na ce, "In ka harbe wannan, saura wa a jerin waɗanda suka jawo mutuwar yarinyar?" Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Saura shi kansa, Kawu."

Ban hana shi wasan ba, ba kuma zan ba iyaye shawarar su fasa na'urorin 'ya'yansu ba, ko da yake wannan wasa na manya ne, kuma haka aka rubuta a jikin kwalinsa. Shawarata ita ce mu riƙa zama kusa da su muna tambaya, domin waɗannan labarai suna koya musu wane ne jarumi tun kafin mu buɗe baki. Yaron da ya saba jin cewa "an taɓa nasa" hujja ce da ta isa a ƙona gari, wata rana zai tsinci kansa cikin taron da ya kewaye wani baƙo a bakin hanya, kuma a ranar babu madannin da zai latsa a sake wasan daga farko.