Ba Kowane Mai Farar Kwala Ne Fasto Ba

Akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a cikin wasannin kwaikwayo da gajerun labaran da matasanmu suke rubutawa da Hausa, lokaci ya yi kuwa da za a tsawata a kansa. Da zarar marubuci ya bukaci ma'aikacin ikkilisiya a labarinsa, sai ya ɗaura masa farar kwala, ya laƙaba masa sunan da ya fara faɗo masa a rai. Yau Fasto, gobe Fada, jibi Bishop, duk mutum ɗaya. Sai ka ga Fadan Katolika yana gardama da matarsa a kan kuɗin cefane, ko bishop na Firesbiteriya yana zuwa ziyara, ko katikis yana keɓe gurasa da ruwan inabi. In ka yi magana a ce, “Ai labari ne kawai.” Ni kuwa na ce, labarin da ba ya iya faɗin gaskiya a kan sunan mutum, da wuya ya faɗi gaskiya a kan zuciyarsa.

Bari mu ɗauki Zangon Kumasi a ƙasar Gana, gama a can ne abin ya fi fitowa fili. Yawancin mazaunan Zango Musulmi ne, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da na maƙwabtaka. Masu bi da suke zaune a Aboabo da Asawasi da Sabon Zango, da yawansu Farafara ne da Dagati da sauran mutanen arewacin Gana, da Hausa suke ma'amala da maƙwabtansu. Maƙwabcin nan da wuya ya shiga majami'a ranar Lahadi, amma yakan tsaya kallon wasan Kirsimati in an yi shi a fili, yakan kuma karanta ɗan littafin da aka miƙa masa. Abin da ya gani a can, shi zai ɗauka a kan gaskiyar addininmu. Idan muka nuna masa Fada da mata da 'ya'ya, mun ba shi shaidar zur a kan 'yan'uwanmu.

Ku dubi yadda su suke kiyaye nasu. Yaron Zango ya san bambancin liman da na'ibi da ladan da alaramma. Marubucin da ya sa ladan ya hau mumbari ya yi huɗubar Jumma'a alhali liman yana zaune lafiya lau, dariya za a yi masa. Don me mu za mu yi wa namu riƙon sakainar kashi?

Ga shi kuwa sanin ba shi da wuya, domin ikkilisiyoyin suna nan kewaye da Zango, tafiyar ƙafa ce kawai. A Roman Hill akwai babbar majami'ar Katolika ta Waliyyi Bitrus. Ma'aikacinsu Fada ne, ba ya aure, yana ƙarƙashin bishop. A ƙauyuka da ƙananan majami'u katikis ne yake koyarwa yana bi da addu'a, yana da iyali, amma ba ya keɓe jibin Ubangiji. Peter Kwasi Sarpong an keɓe shi bishop na Kumasi a 1970, bai zama babban bishop ba sai a 2002, sa'ad da aka ɗaukaka matsayin Kumasi. Saboda haka labarin da ya faru a 1985 ba shi da babban bishop na Katolika a Kumasi.

A Fante New Town akwai babbar majami'ar Angilikan ta Waliyyi Sifiriyan. Su ma a Gana sukan kira ma'aikacinsu Fada, amma shi yana iya yin aure. Ka ga ke nan kalma ɗaya, rayuwa iri biyu. Wanda yake so Fadansa ya kasance da mata, sai ya kai shi Angilikan, ya kuma bayyana wa mai karatu haka.

A Adum akwai Metodis, waɗanda Thomas Birch Freeman ya fara kawo saƙonsu Kumasi a 1839. Shekaru da yawa ba su da bishop, shugaban taro da shugabannin gunduma gare su. Sai a 1999 suka amince da tsarin bishop. A Adum ɗin kuma akwai majami'ar Firesbiteriya mai ɗauke da sunan Ramseyer, mutumin Mishan na Basel wanda Asante suka tsare daga 1869 zuwa 1874, ya kuma komo Kumasi a 1896. Su ba su da bishop ko kaɗan. Rabaran gare su, da katikis, da dattawa, da shugaban da ake zaɓa na ƙayyadadden lokaci. Metodis da Firesbiteriya suna keɓe mata su zama Rabaran, Katolika ba sa yi.

Sai Ikkilisiyar Fentikos, wadda ta ɗauki wannan suna a 1962 a ƙarƙashin James McKeown. A wurinsu Manzo da Annabi da Mai Bishara matsayi ne da ikkilisiya take tabbatarwa bisa ga tsari, ba sunan da mutum yake ɗauka da kansa ba. Fasto ɗaya yakan lura da majami'u da dama, wanda kuwa yake riƙe da kowace majami'a mako mako dattijo ne, ba a biyansa albashi, mai yiwuwa tela ne ko direba. Idan labarinka na wata ƙaramar majami'ar Fentikos ne a bayan Aboabo, mutumin da za a buga wa ƙofa da tsakar dare dattijo ne. 'Yan'uwanmu na Nijeriya ma sun san irin wannan, gama a ECWA akwai bambanci tsakanin Fasto mai lasin da Rabaran wanda aka ɗibiya masa hannu.

Wani zai ce, “Ashe, Ubangiji bai hana mu son laƙabi ba?” Gaskiya ne, a Matiyu sura 23 ya tsawata wa masu son a gaishe su da manyan sunaye a kasuwa. Amma wannan hujja tawa ce, ba taka ba. A zamaninmu mutum yakan kama hayar ɗaki ɗaya, ya sayi lasifika, kafin wata uku ya zama Bishop, Dakta, Annabi, Manzo, duk a kan allo ɗaya. Marubucin da yake so ya tone wannan cuta dole ya san yadda ake samun sunan ta hanyar gaskiya, wato shekarun makaranta, da gwaji, da ɗibiya hannu a gaban jama'a. In bai san zinariya ba, ina zai gane jabu? Manzo Bulus kansa, a 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1, bai raina matsayi ba, sai dai ya ɗaura kowane matsayi da hali da aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan. Finafinai da wasanni sun saba, duk mayaudari mai cin kuɗin gwauraye, sunansa “Fasto” kawai, ba ikkilisiya, ba asali. Wa yake shan kunyar? Bawan Allah nan mai tsohon keke, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, shi ne yara za su bi da dariya a lungun Zango. Ban ce a ɓoye zunubin ma'aikata ba, ko na manyan ikkilisiyoyi ne. A rubuta shi. Amma a nuna ko wane ne ya naɗa mutumin, ko kuwa shi ya naɗa kansa, domin wake ɗaya kada ya ɓata gari.

To, me marubuci zai yi? Ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya sa alƙalami a takarda. Ta fari, wace ikkilisiya ce? Ta biyu, wace shekara ce? Ta uku, a bakin wa sunan yake fitowa? Wannan ta ukun ita ce gishirin labari. Ba'asantiya mai sayar da dokunu za ta ce Osofo, ta kira matarsa Osofo Maame. Alhaji maƙwabcinsa zai ce limamin coci, ko limamin Kirista, ba laifi, gama haka yake faɗa da girmamawa. Tsohon da ya taso a hannun masu bishara na farko zai ce Malam, sunan da iyayenmu suka ɗauka da tawali'u. Matarsa kuwa a cikin gida Maigida za ta ce, ko Baban Wane, ba za ta ce Rabaran Dakta ba sa'ad da take miƙa masa tuwo. Kalmar firist kuma, a bar ta inda Littafi Mai Tsarki ya sa ta, da inda Katolika da Angilikan suke amfani da ita, kada a manna wa faston Baftis.

Idan ka rasa amsa, tashi ka je ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Babu ma'aikacin da zai ƙi ba ka minti goma ya bayyana maka yadda ake kiransa da dalilin haka. Ku shugabannin matasa da na zumuntar mata, kada ku bar wasa ya hau dandali sai wani dattijo ya karanta shi. Ku masu ɗab'i kuma, ku mayar wa marubuci takardarsa in ya haɗa Fada da Fasto a tukunya ɗaya.

'Yan'uwa, an kira mu mu zama shaidu, shaida kuwa ba ya cewa “kusan haka ne.” Wanda ya yi aminci a kan ƙaramin abu kamar suna, shi ne maƙwabci zai gaskata sa'ad da ya zo ga babban zance, wato Sunan nan da ya fi kowane suna. Ubangiji ya ba marubutanmu himma da tsoronsa. Amin.