SHARHI: Ƙyallin Fenti Da Hukuncin Ɓoye Aibi

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, mai yiwuwa wani ya yi mamakin ganin mun keɓe sharhin wannan wata kan man goge mota, alhali ga manyan masifu sun dabaibaye al'umma ta kowace kusurwa. Dalilinmu shi ne, dukiyar Musulmi da ake ci ta hanyar algus tana cikin manyan masifun, kuma galibi ta irin waɗannan ƙananan ƙofofi ake shigo mata.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi magudanai ya ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura, Allah Ya buɗe wa manoman yankin ƙofar arziki. Da rani su noma tumatir da albasa da alkama, da damina su noma shinkafa. Manomin da kaka ta yi masa kyau, abin da ya fi ɗarsuwa a ransa shi ne mota, ko dai a-kori-kura da zai riƙa kai kwandunansa kasuwar Kwanar Gafan, ko kuwa ƙaramar mota da ɗansa zai yi haya da ita tsakanin Kura da birnin Kano. Daga shekarar 2023, da darajar Naira ta faɗi, motar Beljiyam ta fi ƙarfin talaka, sai hankali ya koma kan motocin da aka riga aka mora a cikin gida. Irin waɗannan motoci kuwa, kafin a ajiye su a wurin sayarwa, sai sun bi ta hannun mai gyaran bodi da mai fenti da mai wanki. A hannun na ƙarshen nan maganarmu take.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani garai-garai kamar gilashi, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. Shi ne ke ba mota ƙyalli, kuma shi ne ke karcewa idan aka share ƙurar hunturu da busasshen tsumma. Mai sana'ar gaskiya yana magance karcen da man da ke cin saman fentin kaɗan-kaɗan har ya daidaita, aiki ne mai cin lokaci, amma abin da ya tafi ya tafi. To, akwai wani man kuma da Turawa ke kira gilez, mu bari mu kira shi man ƙyalli. Shi ba ya cire komai. Maiƙo ne, wani lokaci haɗe da gari mai laushi, da ke shiga cikin karcen ya cike shi, haske ya daina karyewa a wurin, ido ya ga fenti sumul kamar yau aka fito da mota daga kamfani. Wanki kaɗan da sabulu, ko 'yan makonni a ranar bazara, sai man ya tafi, duk abin da ya lulluɓe ya dawo kamar yadda yake.

Masu yin wannan man ba su ɓoye haƙiƙaninsa ba, don motocin baje koli aka fi saninsa, da kuma ƙawata sabon fenti. Saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya ce mun haramta shi. Wanda ya shafa wa motarsa don ta yi kyau ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure, babu laifi a kansa, domin Musulunci bai hana ado ba. Haka nan mai sayarwa yana da damar ya wanke hajarsa ya tsabtace ta. Inda hukunci ke juyawa shi ne sa'ad da aka shafa man domin mai saye ya kasa ganin abin da, da ya gan shi, da ya fasa ko ya rage kuɗi. Wannan shi malaman fiƙihu ke kira tadlisi.

Wani zai ce, karcen fenti har wani aibi ne da za a tara malamai a kansa? Jawabinmu shi ne, karcen sau da yawa shaida ne a kan abin da ya fi shi girma. Motar da ta yi hatsari aka buge ta, aka cike lamɓar da fila, aka fesa sabon fenti, tana barin alamu: sawun takardar gurza, da zanen injin goga da ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo idan rana ta haska, da ɗan dishi-dishi a inda sabon fenti ya haɗu da tsoho. Da waɗannan alamu mai ido yake gane cewa wannan ƙofa ko wancan gefe ya taɓa shan duka, sai ya tambaya, sai ya leƙa ƙarƙashi. Man ƙyalli kuwa waɗannan alamu yake dusashewa. Ashe wanda ya shafa shi da wannan niyya ya toshe bakin mai shaida ne. Manomi ya zuba gumin shekara guda, ya ɗora kwanduna ya hau titin Zariya, sai daga baya kanikawa su gaya masa cewa ƙashin motar a karkace yake, shi ya sa take cin taya gefe guda. A nan maganar ta wuce ta dukiya, ta kai ga rayukan da ke cikin motar.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya tuhume shi kan rashin fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Hadisin da ya fi kusa da batunmu kuwa shi ne na dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. An hana yin haka, an kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. A lura, mai dabbar bai furta ƙarya ko ɗaya ba, hannunsa ne ya yi ƙaryar. Wannan ya rushe hujjar dillalin da ke cewa shi bai ce komai ba, mai saye ne ya gani da idonsa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta hana ɓoye aibi a ciniki, har ma da yin shiru kan abin da mai saye zai ƙyamata in an ambata masa. Kalmar nan ta "yadda ka gani haka ka saya" kuma, malaman Malikiyya ba su ɗauke ta mai wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye ba.

Alhakin bai tsaya kan mai mota ba. Yaron da aka ce wa ya shafe ta sosai don gobe mai saye zai zo, ya kuma fahimci abin da ake nufi, ya yi taimako a kan zunubi, ko da yake mun san yunwa ce ta kai shi, kuma nauyin wanda ya sa shi ya fi nasa. Dillalin da ya san tarihin motar ya yi gum don kada la'adarsa ta kuɓuce, shi ma ya sani cewa la'adar nan ba ta da tsarki.

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya kan mutanen birni. Ɗan'uwa manomi da ke kukan an rufe shi da man ƙyalli, ya tambayi kansa yadda yake jera kwandon tumatir ɗinsa, wane yake sa wa a ƙasa, wane a baki. Ya tambayi kansa game da buhun shinkafar da samansa tsintacce ne, cikinsa tsakuwa. Hukuncin ɗaya ne, kuma hadisin tsibin abinci a kansa ya fara sauka kafin ya kai ga mai mota. Muna faɗin haka ne don mun san da yawa daga masu karanta wannan mujalla manoma ne, kuma gyara daga gida yake farawa.

Ga mai shirin sayen mota bayan girbin bana, shawararmu ita ce kada ya duba ta da magariba ko a ƙarƙashin rumfa. A fito da ita tsakar rana. Ya nemi a wanke ta da sabulu a gabansa, ko a goge gefe guda da tsumma mai ɗan sifirit, domin yana narkar da man nan take. Ya tafi da ƙaramin maganaɗisu ya bi jikin ƙarfen da shi, inda fila ta yi kauri zai ji kamun ya yi rauni. Idan motar daga waje ta zo, lambar jikinta mai harufa da alƙaluma 17 tana iya fito da tarihinta a intanet, musamman wadda ta fito daga Amurka. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wankin, ya riga ya ba da amsa.

Muna kira ga Hukumar Hisba ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a shekarar 2003, da ta tuna cewa sa ido kan kasuwa da mudu da sikeli da algus yana cikin asalin aikin muhtasibi a tarihin Musulunci. Su kuma limamanmu da kwamitocin wa'azi na rassan Kura da Bunkure da Garun Malam, su sanya babin ciniki cikin karatun tsakanin Magariba da Isha kafin kakar tumatir ta kankama, su kuma koya wa jama'a rubuta takardar ciniki da za ta ambaci kowane hatsari da kowane sabon fenti da mai mota ya sani, da sa hannun shaidu biyu.