Ka wanke babur yana ƙyalli, yaushe rabonka da duba baƙin mai?

Duk wanda ya san Kurmin Kogi da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan ya san matsayin babur a wannan yanki. Shi ne motar asibiti idan naƙuda ta tashi da tsakar dare. Shi ke fito da kwandunan tumatir daga fadama, shi ke kai damin rake bakin titi, kuma ga matasa da yawa shi ne aikin da gwamnati ba ta ba su ba. Amma ka je kowace tashar 'yan acaɓa, daga Paki har Hunkuyi, ka yi tambaya ɗaya: wa ya duba baƙin mansa yau da safe? Sai ka ga an fara kallon juna.

Ado kam mun iya. Sitika, fitilu kala-kala, salansa mai ƙarar da ke tashin jarirai, ga bidiyon TikTok ana ɗaga tayar gaba. Ba laifi, ƙuruciya ce. Abin da wannan shafi ke ƙorafi a kai shi ne, abin da ke riƙe da ran injin, wanda dubawarsa ba ta cin minti uku kuma ko sisi ba a biya, shi muka bar wa sa'a.

Ga abin da da yawa ba su lura da shi ba. A mota akwai jar fitila mai hoton buta da ke kamawa idan ƙarfin hawan mai ya faɗi. Yawancin ƙananan baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng, ba su da wannan fitilar. Babu abin da zai yi maka gargaɗi. Ranar da injin zai yi magana, to magana ce ta ban kwana.

Kuma man da ke ciki bai wuce kamar lita ɗaya ba. Wannan 'yar litar ita ke shafe fistan da ringi, ita ke yi wa giya aiki, a cikinta kulochi yake wanka, sannan tunda injin ba shi da lagireto, iska ce kawai ke fifita shi, man ne ke taya shi rage zafi. Yanzu ka ɗora masa buhun masara biyu da mutum ɗaya a kai, ka bi hanyar burji cikin ƙurar hunturu ko zafin bazara, ka faɗa min yadda wannan mai zai kasance bayan wata biyu.

Dubawar ba wuya. Ka kafe babur a kan ƙafa biyu, a wuri mai daidai, ba a gangare ba. Idan yanzu ka kashe shi, ka ba shi 'yan mintuna man ya sauko. Ka kwance murfin da ke da ɗan sanda a jikinsa, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. A yawancin ƙananan babura ɗora shi ake yi kawai ba tare da an murɗa ba. Wasu kuma ɗan gilashi ne a gefen injin. Man ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. Ka murza shi a yatsa. Idan ya tsinke kamar ruwa ko yana warin fetur, ko ka ji tsakuwa-tsakuwa a ciki, lokacin juye ya wuce. Idan kuwa ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, abin da ke yawan faruwa da damina ga masu kutsawa cikin rafi.

To amma a nan ne maganar take, kuma nan ne har wasu masu kula suke tuntuɓe: mai ya cika a ƙasa daban, mai yana hawa sama daban. Akwai ɗan famfo a cikin injin da ke tura man ta wata siririyar hanya zuwa kan injin, inda bawul da tafet suke. Kafin man ya shiga famfon sai ya ratsa wata 'yar raga. Idan ragar ta toshe da dauɗa, ko famfon ya cinye, ko an lafta gam a jikin gasket har ya toshe hanyar, sai sanda ta nuna maka mai a cike alhali saman injin a bushe yake ƙayau. Shi ya sa bakanike mai sanin aikinsa, musamman bayan ya buɗe inji, yakan cire murfin tafet, ya tayar da babur a silo, ya tsaya ya ga mai yana fantsalowa. Idan aka kusa minti ɗaya bai gani ba, kashewa zai yi nan take. Wannan shi ne gwajin ƙarfin mai na talaka, ba na'ura ba komai. Haƙƙinka ne ka ce, "Oga, don Allah a nuna min yana hawa." Wanda ya ji haushin wannan tambayar, ka canza gareji.

Mun san amsar da za a ba mu: babu kuɗi. Gaskiya ne. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Yaron da zai sha fetur, ya kai balas, ya kai cefane gida, dole ya nemi inda zai matse, kuma baƙin mai ne ba ya kuka da wuri. Sai a ja juye, ko a sayi na awo a gorar ruwa a bakin hanya, wanda ba ka san ko mene ne a ciki ba. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan, har da wanda aka ɗura a galan mai suna. Sai dai ka yi lissafin da kanka: kuɗin lita ɗaya a gefe guda, a ɗaya gefen kuɗin fistan, ringi, wataƙila da karanshaf, da ladan bakanike, da kwanakin da babur zai yi a kwance alhali mai shi yana jiran balas ɗinsa.

Wani abu kuma, ba kowane mai na mota ne ya dace da babur ba. Wasu suna da santsin da ke sa kulochi zamewa. Ka duba jikin galan, ka nemi rubutun JASO MA, da lambar kaurin da littafin babur ɗinka ya ce, wadda a irin namu galibi 20W-50 ce. Littafin nan da ake jefarwa tare da kwali ranar da aka haɗa babur, a ciki aka rubuta bayan tafiyar kilomita nawa za a yi juye.

Ba 'yan acaɓa kaɗai muke wa magana ba. Alhazan da ke raba babura a kan balas, ku sa kuɗin juye cikin yarjejeniya tun farko, maimakon a zo ana rigima gaban mai unguwa bayan inji ya buga. Shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, me zai hana ku gayyato bakanike ɗaya ranar kasuwar Makarfi ko ta Ikara ya nuna wa sababbin shiga yadda ake wanke raga? Masu ɗora bidiyon wasa da babur kuma, ku ɗora mana na sakan talatin kuna zaro sandar mai. Muna son ganin launin naku.