Zancen Zongo: Rawar Daji da Hanyar Fatauci

Jama'a, mu da mu ke zaune a Largo kusa da sansanin Andrews mun saba da rugugin jiragen soja, amma yau zancen sojan gida za mu yi.

Tun 2005 sojan Amurka su ke shirya wata rawar daji mai suna Flintlock tare da sojan ƙasashen Afirka ta Yamma, watau su koyi yaƙi da 'yan ta'adda kafaɗa da kafaɗa. Nijar ta karɓi baƙuncinta a 2014 da 2018, Burkina Faso a 2019. A 2023 da 2024 kuwa aka yi ta a Gana da Kwaddibuwa, har aka kai Daboya a arewacin Gana.

To, ku duba. Soja sun karɓi mulki a Wagadugu a 2022, a Yamai a 2023, kuma a 2024 sojan Amurka suka kwashe kayansu daga Agadas. Ashe zanen aro ba ya rufe katara.

Ba mu raina horo ba, gama soja mai horo ya fi mara shi. Amma ma'aunin ɗan kasuwa ɗaya ne: motar albasa da ta taso daga Galmi, ta ratsa Burkina, za ta sauka Kumasi lafiya? Direbobin nan 'ya'yanmu ne, jarin kuwa guminmu ne da mu ke aikawa daga nan.

Saboda haka duk ran da wani babban gida ya ziyarce mu, kada mu tsaya kan gaisuwa, mu tambaye shi labarin hanya. Kada kuma mu zuba jari duka a mota ɗaya. Allah Ya kiyaye matafiya, amin.