Ingila: Takardu Biyu Masu Tayar Da Hankalin Mai Mota

A ƙasar Ingila takardu iri biyu ne ke zuwa gidan mai mota ta hanyar gidan waya, kowace da lambar motarsa, kowace kuma tana neman wani abu daga gare shi. Ta farko takardar kamfani ce mai neman kuɗin ajiyar mota, ta biyu kuwa ta ƴan sanda ce kan laifin gudu fiye da ƙa'ida. A ido suna kama da juna, amma a gaban shari'a hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma wanda ya ɗauki wannan a matsayin waccan zai yi hasarar dukiya, ko ma ya kwana gidan kaso.

Mu fara da ta kamfani. Manyan kantuna da asibitoci sukan danƙa filayen ajiyar motocinsu ga kamfanoni masu zaman kansu, su kuwa sai su kafa na'urorin ɗaukar hoton lambar mota wajen shiga da fita. In mota ta wuce lokacin da aka rubuta a allo, kamfanin zai biya hukumar rajistar motoci, wato DVLA, fam 2 da rabi, ta ba shi suna da adireshin wanda motar ke hannunsa. Kuɗin da yake nema, wanda kan kai fam 100, fiye da jaka 70 na kuɗinmu, ba tarar hukuma ba ne. Bashi ne da kamfani ke cewa direba ya ɗauka sa'ad da ya shiga fili bisa sharuɗɗan allon.

To, ina ruwan mai mota in ba shi ke tuƙi ba? A da babu ruwansa. Amma ran 1 ga watan Oktoba na shekara ta 2012 wata doka ta soma aiki a Ingila da yankin Wales, wadda ta hana kamfanoni ɗaure ƙafar mota da ƙarfe, ta kuma ba su damar bin mai mota bashin in ba su san direba ba. Sai dai dokar ta gindaya musu sharuɗɗa. In da na'ura aka kama motar, wajibi ne takarda ta isa hannun mai mota cikin kwana 14, ta kuma ƙunshi bayanan da doka ta zayyana. Kamfanin da ya saɓa wa wannan ba shi da hakki a kansa, kuma babu dokar da ta tilasta wa mai mota ya faɗi wanda ya tuƙa.

Mai ƙorafi yakan fara rubuta wa kamfanin cikin kwana 28. In an ƙi saurarensa, sai ya ɗaukaka ƙara kyauta zuwa POPLA ko IAS, gwargwadon ƙungiyar da kamfanin ke ciki. Hujjojin da suka fi ƙarfi su ne allo marar fitowa sarai, da takarda mai makara, da rashin izini daga mai filin. Hujjar cewa kuɗin sun yi yawa kuwa ta yi rauni tun watan Nuwamba na 2015, sa'ad da Kotun Ƙoli ta ba kamfanin ParkingEye gaskiya a kan Barry Beavis, wanda aka nemi fam 85 daga gare shi don ya ƙara kusan sa'a ɗaya bisa sa'a biyu na kyauta a garin Chelmsford. Wanda ya yi biris har kotu ta yanke masa hukunci bai biya cikin wata guda ba, sunansa zai zauna shekara 6 a littafin masu taurin bashi.

Takardar ƴan sanda kuwa wani zance ne daban. Dole a aika ta ga mai mota cikin kwana 14 bayan laifin, kuma sashe na 172 na dokar hanya ta 1988 ya wajabta masa faɗin sunan direba cikin kwana 28. Mafi ƙarancin horon gudu shi ne fam 100 da maki 3 a takardar izinin tuƙi, amma wanda ya ƙi faɗin suna zai sha maki 6 da tara mai iya kai fam 1,000. Maki 12 cikin shekara 3 kan jawo hana tuƙi na wata 6. Wasu masu motoci biyu sun kai kuka kotun kare hakkin ɗan Adam ta Turai, suna cewa ana tilasta musu su tona kansu, amma a 2007 kotun ta kori ƙararsu, bisa dalilin cewa wanda ya mallaki mota ya karɓi nauyin da ke tattare da ita. Ƙarya kuwa ta fi shiru muni: a 2013 aka ɗaure tsohon ministan makamashi Chris Huhne da tsohuwar matarsa wata 8 kowanensu, don ta karɓi makin gudun da shi ya yi a 2003.

Wurin da gyara ya rage shi ne ɓangaren kamfanoni. Majalisa ta yi doka a 2019 don a kafa musu ƙa'ida guda. Gwamnati ta fito da ita a Fabrairun 2022, ta rage yawancin kuɗin zuwa fam 50, amma ta janye ta a watan Yuni bayan kamfanoni sun garzaya kotu. A 2024 kamfanonin suka rubuta wa kansu ƙa'ida mai ba da rangwamen minti 10, a 2025 kuma gwamnati ta sāke neman ra'ayin jama'a kan tata. Mu a ganinmu, muddin wanda ke cin riba da kuskuren direba shi ne mai rubuta ƙa'idar, to, an ba kura ajiyar nama.

Saboda haka duk wanda irin wannan takarda ta iske, ya fara duba wa ya aiko ta da kuma ranar da ta iso. Ta kamfani ana iya jayayya da ita ba tare da faɗin direba ba. Ta ƴan sanda kuwa a amsa ta da gaskiya cikin lokaci, in akwai gardama a kai ta gaban alƙali.