Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima

Wannan karin magana ta ’yan kasuwa ce, kuma tana ɗauke da da’awa guda biyu: ido yana iya ƙiyasta yawan abu, sannan ƙiyasinsa bai kai awon mudu ba. A zamanin da alƙaluma suka cika mana jaridu da wayoyi, da’awar ta biyu ta fi cancantar a tsaya a kanta. Farashin kayan masarufi, kasafin kuɗin jiha, sakamakon zaɓe, yawan waɗanda annoba ta kama, duk sun rage zuwa mana a jere cikin jadawali. A zane suke zuwa: sanduna masu tsawo da gajeru, layi mai hawa da sauka, da’ira da aka yanka kamar kankana, taswira mai launi-launi. Mai karatu ya kai ido na ’yan daƙiƙu, ya yanke hukunci, ya tura wa ’yan’uwansa. To, a ina ne ido ya san ƙima, a ina kuma yake ruɗuwa? Akwai fannin bincike sukutum da ya duƙufa kan wannan tambaya, kuma amsoshin da ya samo sun shafi aljihunmu da lafiyarmu da ƙuri’armu.

Sana’ar mayar da alƙaluma zane ba sabuwa ba ce. Wani ɗan Sikotilan mai suna William Playfair ya wallafa zanen sanduna da na layi a 1786 don nuna cinikayyar Ingila da sauran ƙasashe, ya kuma fito da zanen da’ira mai yanka-yanka a 1801. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta hallaka mutum fiye da 600. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tattara inda aka yi rasuwa, ya gano cewa mamatan sun taru ne kewaye da famfon ruwa guda a titin Broad, ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Taswirar da ya wallafa daga baya, wadda ya ja ɗan baƙin layi a kanta kan kowane mamaci, ta zama hujjar da ido ke gani cewa ruwa ne ke yaɗa cutar, a lokacin da manyan likitoci ke ɗora laifi kan gurɓatacciyar iska. A 1858 kuma Florence Nightingale ta zana mace-macen sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya: shuɗi ga waɗanda cututtukan da za a iya kaucewa suka kashe, ja ga waɗanda raunin yaƙi ya kashe. Shuɗin ya mamaye takardar. Abin da dogayen rahotanni suka sha wahalar fahimtar da mahukunta, zane guda ya ajiye shi a gabansu.

Me ya sa jadawali kaɗai ba ya wadatarwa? Masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya ba da amsa a 1973. Ya ƙirƙiro rukunin alƙaluma huɗu, kowanne da ɗigo 11. In aka lissafa matsakaicinsu da yadda suka bazu da ƙarfin alaƙar da ke tsakanin ɓangarorinsu biyu, rukunan huɗu sukan ba da sakamako kusan iri ɗaya. Da zarar an zana su, sai a ga ba su haɗa komai ba: ɗaya ya bi miƙaƙƙen layi, ɗaya ya lanƙwashe kamar baka, sauran biyun kuwa ɗigo guda da ya fita zakka ne ya karkatar da lissafinsu. Darasin ga ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a bayyane yake. Wanda ya tsaya kan matsakaici bai zana alƙalumansa ya dube su ba, yana iya rantsuwa kan abin da babu shi.

Amma ba kowane zane ne ido ke karantawa daidai ba. A 1984 William Cleveland da Robert McGill, masu bincike a ɗakunan gwaji na Bell a Amurka, suka sa mutane su ƙiyasta girman abubuwa a zane iri-iri, suka auna kuskurensu. Daga gwajin nasu da abin da aka riga aka sani game da gani, suka jera hanyoyin nuna adadi daga mafi inganci zuwa mafi rauni. A sama akwai matsayi a kan ma’auni guda, wato sanduna ko ɗigogi da suka tashi daga tushe ɗaya. Daga nan sai tsawo da kusurwa, sai faɗin fili, sai girman abu mai cikowa, sannan duhu ko hasken launi a can ƙasa. A 2010 Jeffrey Heer da Michael Bostock na Jami’ar Stanford suka maimaita gwajin da mutane masu yawa ta intanet, sakamakon ya zo daidai da na farko. Ashe ido ya san ƙimar tsawo, ya ɗan san ta kusurwa, amma in aka zo ga faɗi da launi, lalube yake yi.

Wannan jeri yana da amfani a aikace. Shi ya sa masana ke fifita sanduna a kan da’irar kankana idan kason ya yi yawa ko sun yi kusa da juna, domin bambance kashi 23 da kashi 26 ta kusurwa aiki ne mai wuya, alhali a sanduna biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa ko yaro zai gani. Shi ya sa kuma ake ƙyamar zanen da aka yi wa ado ya kumbura kamar gini, domin yankin da ke gaba yakan fi na baya girma a ido. A ɗauki misalin mai zane da yake so ya nuna cewa noman shinkafa ya ninka sau biyu, sai ya zana buhu biyu, na biyun ya ninka na farko a tsawo, ya kuma ninka shi a faɗi don kada surarsa ta lalace. Filin da buhu na biyu ya ci a takarda ya zama ninki huɗu. Adadin da aka rubuta gaskiya ne, abin da ido ya tafi da shi kuwa ƙarya ne.

Dabarar da ta fi yawa ita ce datse ma’auni. A ce farashin wani kaya ya sauko daga naira 100 zuwa naira 98. In sandunan sun tashi daga sifili, da ƙyar a ga bambanci, kuma haka gaskiyar take. In mai zane ya fara ma’auninsa daga 96, sanda ɗaya za ta zama rabin ɗayar, mai kallo ya ɗauka farashi ya karye. Mai son nuna cewa abubuwa sun ta’azzara shi ma haka zai yi, ta ɗaya ɓangaren. Edward Tufte, a littafin da ya wallafa a 1983, ya ba da hanyar auna irin wannan ha’inci: a gwama girman canjin da zane ya nuna da girman canjin da ke cikin alƙaluman. Wani bincike da Michael Correll da abokan aikinsa suka gabatar a 2020 ya gano abin da ya fi tayar da hankali, cewa ko an sa alamar da ke nuna an datse ma’aunin, masu kallo ba sa fasa ganin bambancin da girma. Gargaɗin da aka rubuta a gefe ba ya goge abin da ido ya riga ya ɗauka.

Taswira ma tana da nata tarkon, domin ido ƙasa yake aunawa, ba mutane ba. Jihar Neja ta ninka Jihar Legas fiye da sau ashirin a faɗin ƙasa, amma a ƙidayar 2006 mutanen Neja ba su kai miliyan 4 ba, na Legas kuwa sun haura miliyan 9. Duk wanda ya shafa wa jihohi launin jam’iyyar da ta yi nasara, ya ajiye taswirar babu ƙarin bayani, ya nuna faɗin daji ne a madadin yawan ƙuri’a. Ko taswirar duniya da ke rataye a azuzuwanmu, irin wadda Gerardus Mercator ya tsara a 1569 domin matuƙa jiragen ruwa, tana nuna tsibirin Girinlan kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau goma sha huɗu.

A yau kayan aikin sun sauƙaƙa ƙwarai. Manhajar Tableau ta fito ne a 2003 daga wani bincike na Jami’ar Stanford, D3 ta biyo baya a 2011, ga kuma Excel a kusan kowace kwamfuta. Tun wajen 2005 aka fara maganar wani reshe na fannin da ke haɗa lissafin kwamfuta da idon ɗan’adam: na’ura ta tace miliyoyin bayanai, mutum ya duba, ya taɓa, ya tambaya, zanen ya sauya nan take. Duniya ta ga ƙarfin hakan a Janairun 2020, lokacin da Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong na Jami’ar Johns Hopkins suka buɗe allon bayanan cutar korona, wanda gwamnatoci da ’yan jarida suka dogara da shi har zuwa Maris 2023. Sai dai allon nan ma adadin waɗanda aka gwada aka tabbatar yake nunawa. Ƙasar da ba ta da isassun kayan gwaji takan fito da ƙaramin ɗigo, wanda bai sani ba ya ɗauka lafiya ce. Manhaja tana zana abin da aka ba ta, ba ta da bakin faɗin abin da aka bari a baya.

Mu ma a nan mun ɗanɗani amfanin taswirar da aka yi da gaskiya. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna a Kano da sauran jihohin Arewa, an maye gurbin taswirorin da ake zanawa da hannu da waɗanda aka ɗauko daga hoton tauraron ɗan’adam, aka kuma ba ayarin masu riga-kafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai ga rugage da ƙauyukan da ba a taɓa lissafawa ba sun bayyana a allo, ga kuma unguwannin da aka ce an shiga alhali ba a shiga ba. Taswira ba ita kaɗai ta yi aikin ba, akwai sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida cikin rana, amma ta nuna musu inda giɓin yake. A Agustan 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. A ɓangaren kuɗin jama’a kuma, ƙungiyar BudgIT da aka kafa a Legas a 2011 ta nuna cewa ana iya mayar da kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka zanen da talaka zai gane.

Abin da ya rage mana shi ne koyon karatun zane kamar yadda muka koyi karatun rubutu. Kafin ka tura zanen da ya shigo wayarka, mai karatu, ka yi masa tambayoyi kaɗan. Daga ina ma’aunin ya fara? Wa ya tattara alƙaluman, a wace shekara? Jimilla aka nuna ko kaso bisa yawan jama’a? Daga wace shekara aka ɗauko labarin, kuma me ya sa ba a fara daga wadda ta gabace ta ba? Zanen da babu majiya a ƙarƙashinsa jita-jita ce da aka yi wa kwalliya.

Jaridunmu da gidajen talabijin su ma akwai jan aiki a gabansu. Edita ba ya barin labari ya fita bai tantance shi ba, don haka bai kamata ya bar zane ya wuce don kawai ya ƙayatar ba. A rubuta bayanin zanen da Hausa, a guji haɗa ja da kore su kaɗai tunda akwai mutane da yawa, galibi maza, da ba sa bambance su, a kuma tuna cewa akasarin masu karatu a ƙaramin allon waya suke gani. Sassan ƙididdiga da na koyon aikin jarida a jami’o’inmu su zauna tare su koyar da wannan, domin ɗalibin da ya fita bai san bambancin sandar da ta tashi daga sifili da wadda aka datse ba, ko dai a yaudare shi, ko ya yaudari jama’a bai sani ba. A kasuwa, in mai saye ya yi shakkar ƙiyasin idonsa, yakan ce a kawo mudu a auna a gabansa. Masu nuna mana alƙaluman kasafi da na zaɓe da na cuta su ma su riƙa ajiye mudun kusa da zanen.